Abin da Ke Bayan Ƙeya

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraronmu, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa kan lafiyar jiki. Muna gaida mutanen Birnin Kudu da kewaye, na Kangire da Kantoga da Sundimina da Wurno da Babaldu da Bamaina. Muna gaida mutanen ƙasar Gwaram, na Basirka da Sara da Fagam da Kila da Farin Dutse. Na gona sannunku da rana, na kasuwa Allah ya kawo ciniki, iyayenmu mata da ke gida sannunku da aiki.

Yau a kan ƙeya za mu yi magana. Akwai wani siririn tudun ƙashi a cikin ƙoƙon kan kowane ɗayanmu, ta wajen ƙeya, wanda ido ba ya gani, hannu kuma ba ya kai wa gare shi. Likitoci suna da sunan da suke kiransa da harshen Latin. Mu a nan za mu ce masa tudun ƙeya na ciki. Ɗaliban kwalejin koyon aikin jinya da ke nan Birnin Kudu da ɗaliban likitanci na Jami'ar Tarayya ta Dutse suna karanta shi don cin jarrabawa. Mu kuwa za mu san shi ne don dalili guda: wanda ya san abin da ke jingine da wannan tudu ba zai ƙara raina bugun ƙeya ba.

To, bismillah. Duk wanda hannunsa ba ya kan wani aiki, ya kai yatsunsa tsakiyar bayan wuyansa, ya bi sama a hankali. Direbobi da 'yan acaɓa, ku dai ku riƙe abin tuƙinku, kwa taɓa in kun sauka. Da ka wuce naman wuya, za ka ji wani ƙullutu mai tauri. Na wasu babba ne, na wasu da ƙyar ake jin sa, kuma ya fi fitowa a kan maza. Ba ciwo ba ne, ba kuma ƙari ba ne. A nan ne wata igiyar jijiya mai ƙarfi da wasu tsokokin wuya suke kama ƙashi, su riƙe kai kada ya rinjaya gaba. Kan babban mutum yana kai kilo 4 zuwa 5, ga kuma tulu ko damin itace ko farantin talla da ake ɗora masa, don haka maɗaurin yana bukatar ƙwari.

Wannan ƙullutu yana jikin ƙashin ƙeya ne. Ƙoƙon kan babba yana da ƙasusuwa 22: guda 14 na fuska, guda 8 kuma su ne suka yi wa ƙwaƙwalwa ɗaki. Ƙashin ƙeya ɗaya ne daga cikin takwas ɗin. Shi ne bangon baya, shi ne kuma wani sashe na daɓen ɗakin. A ƙasansa akwai wata babbar kafa, tsawonta kamar santimita 3 da rabi, faɗinta kamar santimita 3. Ta nan ne gindin ƙwaƙwalwa yake zarcewa ya zama lakar da ta bi ƙashin baya, ta nan kuma wasu manyan jijiyoyin jini guda biyu suke hawowa daga wuya. A gefe da gefen kafar akwai ƙafafu biyu masu santsi da suka zauna a kan ƙashin wuya na farko. Duk lokacin da ka gyaɗa kai ka ce “to”, a kansu kan yake lilo.

Yanzu mu leƙa ciki. Da za a ɗauki ƙashin ƙeya a juya shi, a dubi fuskarsa da ke kallon ƙwaƙwalwa, ba za a same shi sumul ba. Za a ga layuka biyu sun gitta juna, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, irin alamar tarawa da yara ke yi a darasin lissafi. A tsakiya, inda suka haɗu, ƙashin ya yi tozo, kuma nan ne ya fi kauri. Wannan tozo na ciki yana kusa da saitin ƙullutun da kuka taɓa ɗazu, ko da yake ba kullum suke daidaita sak ba.

Layukan nan sun raba wurin gida huɗu. Gurabu biyu na sama, a cikinsu bayan babbar ƙwaƙwalwa yake zaune, kuma wannan sashe shi ne mai kula da gani. Ido yana gaba, amma inda ake karanta abin da ido ya ɗauko yana ƙeya. Shi ya sa mutum zai bugu a ƙeya ya ga walƙiya ko ganinsa ya dushe, alhali babu abin da ya taɓa idon. Gurabu biyu na ƙasa kuma, a cikinsu ɓangarori biyu na ƙaramar ƙwaƙwalwa suke kwance, na dama da na hagu. Ƙashin waɗannan gurabu na ƙasa ba shi da kauri, har in an ɗaga busasshensa a rana haske yana iya ratsa shi. Naman wuya ne yake kāre shi daga waje.

Ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na girman ƙwaƙwalwa duka ba, amma fiye da rabin ƙwayoyin saƙo na ƙwaƙwalwa a cikinta suke. Aikinta daidaita motsi. Ita ce take sa yarinya ta ɗauko tulu daga rijiya har gida bai tuntsure ba, ita take sa maɗinki ya zura zare a allura, mai keke ya bi siririyar hanyar gona, mai sallah ya ɗago daga ruku'u bai yi tangaɗi ba. In ta samu matsala, sai ka ga mutum yana tafiya kamar wanda ya sha wani abu, yana miƙa hannu ya ɗauki kofi yana kuskure, magana tana sarƙe masa.

To, reshen wannan alama da ya gangaro daga tozon tsakiya zuwa bakin babbar kafa, tsakanin gurabun nan biyu na ƙasa, shi ne tudun ƙeya na ciki. Tsawonsa 'yan santimitoci ne. Da ya kusa kafar, sau da yawa yakan rabu biyu, reshe ɗaya ya bi dama ɗaya ya bi hagu.

Mene ne amfaninsa? A nan sai mun yi maganar tantani. Ƙwaƙwalwa ba ta taɓa ƙashi kai tsaye. Tantani uku ne suka lulluɓe ta, da wani ruwa garai-garai da take iyo a cikinsa. Tantanin waje ya fi sauran kauri da tauri, kuma yana manne da ƙashi. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago bayan layya ya ga irinsa, wannan farar fata mai wuyar yagewa da ake tararwa kafin a kai ga ƙwaƙwalwar. Mahautanmu sun san ta sarai. Malamanmu na zaure ma sun san ta, domin a babin diyya na littattafan fikihun Malikiyya, irin su Risala, an bambanta raunukan kai hawa-hawa. Wanda ya tone fata har ƙashi ya bayyana, diyyarsa raƙuma 5. Wanda ya farfasa ƙashi har ya gusa, raƙuma 15. Wanda kuwa ya ratsa ƙashi ya isa ga ƙwaƙwalwa da rigarta, sulusin diyyar rai ne cur. Tun ƙarnuka da suka wuce an san cewa rauni in ya kai nan, ya kai wurin da rai yake.

Wannan tantani mai tauri yana ninkuwa ya shiga tsakanin sassan ƙwaƙwalwa ya zama shinge. Babban shinge yana tsaye tsakanin ɓangaren dama da na hagu na babbar ƙwaƙwalwa. Na biyu yana kwance, ya raba babbar ƙwaƙwalwa da ke sama da ƙaramar da ke ƙasa. Na uku ƙarami ne, yana tsaye tsakanin ɓangarori biyu na ƙaramar ƙwaƙwalwa ta baya. Ku dubi dangar gida: zana ba ta tsayuwa da kanta, sai an kafa dirka an ɗaure ta, in ba haka ba iskar farko ta damina za ta kwashe ta. Shingayen nan su ne zanar, layukan ƙashin ƙeya su ne dirkokin. Tudun da muke magana a kansa shi ne dirkar ƙaramin shinge na uku. Ƙwaƙwalwa abu ne mai laushi ƙwarai, nauyinta ya kusa kilo 1 da rabi. Ba don an rarraba ta an tokare ba, da kowace girgiza a kan babur, kowane tsalle, kowace juyawar kai za ta riƙa karkaɗa ta fiye da yadda za ta iya ɗauka.

Aiki na biyu ya shafi jini. Ƙwaƙwalwa tana shan jini mai yawa, kusan kashi 15 cikin 100 na abin da zuciya ke turawa. Duk jinin da ya shiga kuwa dole ya fita. Hanyoyin fitarsa suna cikin ninkin wannan tantani, daidai inda ya kama ƙashi. Babbar magudana ɗaya tana tasowa daga wajen goshi, ta bi tsakiyar kai, ta sauko ƙeya. Wata tana fitowa daga can cikin ƙwaƙwalwa. Wata 'yar ƙarama kuma tana bin jikin tudun namu. Dukkansu suna haɗuwa kusa da tozon tsakiya, daga nan jinin ya rabu biyu, ya bi reshen dama da na hagu, ya karkata ta bayan kunne, ya faɗa manyan jijiyoyin wuya ya koma zuciya. A yawancin mutane hanyar dama ta fi ta hagu girma. Wani likita Bagirke mai suna Hirofilus, wanda ya yi aiki a birnin Iskandariyya na Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yana cikin na farkon da suka bayyana wannan mahaɗa, kuma har yau likitoci suna kiranta da sunansa. Likitan da zai yi aiki ta ƙeya yana lissafin inda magudanan nan suke kafin ya taɓa ƙashi, domin bangonsu a ɗaure yake da ƙashi, in sun yage ba sa tsukewa da kansu kamar sauran jijiyoyi.

Tudun nan ba iri ɗaya ne ga kowa ba. Na wani mai kaifi ne, na wani shafaffe. Wani nasa ya rabu biyu tun daga sama. Wani kuma a ƙasan tudun, ko a madadinsa, sai a sami ɗan gurbi. Duk halitta ce, kamar yadda hanci da kunne suka bambanta. Amma wannan ɗan bambanci ya taɓa jawo wa bayin Allah ƙazafi. A wajajen 1871, wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Cezare Lombroso ya duba ƙoƙon kan wani talaka ɗan kudancin ƙasar, Jusefe Bilella, wanda aka ɗaure bisa zargin sata, ya kuma rasu a 1864. Da ya duba inda tudun ya kamata ya kasance, sai ya ga gurbi. Daga nan ya gina ra'ayin cewa akwai mutanen da aka haifa ɓarayi da masu kisa, kuma ana iya gane su daga siffar kai da fuska. Ya fitar da littafi a kan haka a 1876, ra'ayin ya bazu a Turai, aka riƙa auna kawunan fursunoni. A 1913 wani likitan gidan yari a Ingila, Charles Goring, ya wallafa sakamakon awon fursunoni kusan 3,000 da ya kwatanta da mutanen gari, bai sami wata siffar kai da ta keɓanci mai laifi ba. Yau an san ana samun wannan gurbi a kawunan mutane lafiyayyu masu mutunci a ko'ina a duniya. Ƙoƙon kan Bilella yana nan har yanzu a wani gidan tarihi a birnin Turin.

Na kawo wannan ne saboda mu ma muna da namu. Yaro mai doguwar ƙeya ko mai shafaffiya yana shan tsokana a makaranta, wani ma a ce daga ganin ƙeyarsa ba zai yi ƙoƙari ba. Siffar ƙeya ba ta nuna hankali, ba ta nuna hali. Malamai da iyaye, a tsawata wa masu yi.

Za mu ɗan shaƙata. In mun dawo, sai mu ji abin da ke faruwa idan ƙeya ta bugu.

(Kiɗa)

Barkanmu da dawowa, masu sauraro. In muka haɗa abin da muka ji kafin hutu, za mu ga cewa a ƙasan ƙeya akwai ɗaki. Rufinsa shi ne shingen nan na kwance, bangonsa na baya ƙashin ƙeya da tudunsa, ƙofarsa kuma babbar kafar da laka ta bi. Ɗakin nan matsattse ne. Ban da ƙaramar ƙwaƙwalwa, a cikinsa gindin ƙwaƙwalwa yake, wanda ke tafiyar da numfashi da bugun zuciya da farkawa daga barci. Ta cikinsa kuma ruwan ƙwaƙwalwa yake bi ta wata 'yar siririyar hanya. Jiki yana samar da kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana, kuma dole ya riƙa gudana.

To ku ɗauka ƙashin ƙeya ya tsage, tsagar ta ratsa ɗaya daga cikin magudanan jini. Jini zai fara taruwa tsakanin ƙashi da tantani. In a hannu ne ko a cinya, wurin zai kumbura waje, kowa ya gani. A nan babu inda kumburi zai je. Ƙashi ba ya buɗewa, shingen sama ba ya ɗagawa. Jinin da bai cika ƙaramin kofin shayi ba ya isa ya danne hanyar ruwa, ya tura ƙaramar ƙwaƙwalwa ƙasa zuwa bakin kafa, ta matse gindin ƙwaƙwalwa. Daga nan numfashi ne yake tsayawa.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne, sau da yawa wanda ya faɗi yakan tashi. Zai karkaɗe riga, ya ce ba komai, ya koma gida har ya ci tuwo. Jinin yana tsiyaya a hankali, sai bayan sa'o'i, wani lokaci washegari, a ga ya fara amai, barci ya rinjaye shi, a tashe shi ya ƙi tashi. Irin wannan taruwar jini a ƙasan ƙeya an fi ganinta a yara da matasa. Akwai kuma wani abin: idan ƙeya ta daki ƙasa, ƙwaƙwalwa tana karkaɗuwa ta daki ƙashin gaba, sai raunin ya fito a wajen goshi. Shi ya sa wani bayan faɗuwa ta baya yake daina jin ƙamshi da wari, ko halinsa ya canza.

A ina muke samun irin wannan faɗuwa? Kowa ya sani. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil, ta ratsa Birnin Kudu da Babaldu, ta nufi Gwaram da Basirka har ƙasar Bauchi, ba ta rabuwa da manyan motoci da babura. Ranar kasuwar Sara ku dubi yadda ake hawa saman kaya a bayan mota, ƙafa tana reto. Ga babur mai ɗauke da mutum uku ko huɗu, na ƙarshe yana zaune a kan ƙarfen baya, wanda in an ja da ƙarfi ko an faɗa rami, ta baya zai sauka. Ga yara a kan mangwaro, ga masu hawa kuka ɗiban ganye, ga amalanken shanu, ga doki ranar hawan sallah, ga kokawa a kan busasshiyar ƙasa, ga tsoho da santsin banɗaki ya kwashe. Ga kuma abin da ake yi da sunan wasa ko horo: talle ƙeya da ranƙwashi da hankaɗa yaro ya faɗi ta baya. A daina.

Maganar babur ta kawo mu ga hular kwano. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, kuma manya za su tuna yadda wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya a lokacin, amma kwalta ba ta san wasa ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarun baya sun nuna hular kwano mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, tana rage mummunan raunin kai da kusan kashi 70. A lura da sharaɗin: ta sauko ta rufe ƙeya, kuma a ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da ba a ɗaure ba ita ce take fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa. Wanda aka goya ma kansa kai ne.

Yanzu ga alamomin da in an gani bayan bugun kai, ba a jira gari ya waye. Ku saurara da kyau. Suma, ko da ta ɗan lokaci ce. Amai fiye da sau ɗaya. Ciwon kai da ke ƙaruwa. Barci mai nauyi da wuyar tashi. Ruɗewa, ko maimaita tambaya ɗaya, ko rashin gane mutane. Jijjiga. Tangaɗi wajen tafiya. Ganin abu biyu-biyu ko dushewar gani. Baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci. Tabon taruwar jini a bayan kunne ko kewayen ido. Mutuwar hannu ko ƙafa. Ciwon wuya mai tsanani. Ga jariri kuma, kuka marar yankewa, ƙin kama nono, ko kumburin maɗiga. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa dalilin tafiya asibiti.

Yadda ake ɗaukar mutum ma magani ne ko cuta. Ƙashin ƙeya a kan ƙashin wuya yake zaune, abin da ya bugi ɗaya yana iya karya ɗayan. Kada a ɗago shi zaune da ƙarfi, kada a girgiza shi, kada a kwara masa ruwa, kada a ɗura masa ruwa ko madara a baki. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu, ya daidaita shi da gangar jiki, sauran su ɗora shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. In amai ya zo, a juya shi gaba ɗayansa gefe guda, kai da wuya da jiki tare. In ruwa yana fita daga kunne, kada a toshe, a ɗora tsumma mai tsabta kawai. Kada a ba shi asfirin ko magungunan ciwon jiki na kemis, domin wasunsu suna ƙara zubar jini. In a kan hanya ne, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122. Masu ɗori muna girmama sana'arsu, amma kai da wuya ba wurin ja da murɗawa ba ne. A nufi asibiti mafi kusa. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Birnin Kudu, akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, in kuma abin ya kai ga aikin ƙwaƙwalwa, likitoci za su tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In likita ya ce a yi hoton kai, a daure a yi. Jinin da aka gano da wuri ana iya buɗewa a kwashe, mutum ya tashi garau. Wanda aka sallama daga asibiti kuma, kada a bar shi shi kaɗai a kwana biyun farko.

Ba bugu kaɗai ke taɓa wannan wuri ba. Sanƙarau kumburin tantanin nan ne da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Tunda tantanin sun zarce ta babbar kafa zuwa cikin ƙashin baya, sunkuyar da kai yana ja musu, ciwo ya tsananta, tsokar wuya ta ƙage. Dalilin sanƙarewar wuyan ke nan. Mu 'yan wannan yanki mun san lokacinsa, daga hunturu zuwa tsananin bazara, kafin ruwa ya sauka. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 ne suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu a nan Arewa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kāre mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma Jigawa tana cikin jihohin da cutar ta taɓa a wancan lokaci. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da taurin wuya, asibiti nan take. In masu rigakafi sun zo, a fito da yara.

Sai kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Magudanar jinin da muka ce tana karkata ta bayan kunne, ɗan siririn ƙashi ne tsakaninta da cikin kunnen. Ciwon da aka bari shekara da shekaru yana iya cin ƙashin, ya shiga magudanar, ko ya tara mugunya a ƙaramar ƙwaƙwalwa. Kada a saba da kunne mai ruwa. Haka kuma wanzamanmu masu yin ƙaho da tsaga a ƙeya: akwai ƙananan jijiyoyi da suka huda ƙashi, suka haɗa fatar kai da magudanan ciki, kuma ƙwayar cuta tana iya bin su. Kowane mutum da sabuwar rezarsa, a wanke wuri, kada a tsaga kan ƙurji. Ciwon kan da ya biyo bayan faɗuwa kuwa, ba na ƙaho ba ne.

Iyayena mata da kakanni, saura ku. Ƙashin ƙeyar jariri guntaye huɗu ne lokacin haihuwa, ba ya gama haɗewa sai wajen shekara 6. Ban da maɗigar gaba da kowa ya sani, wadda ke rufewa tsakanin shekara 1 zuwa 2, akwai 'yar ƙarama ta baya a saman ƙeya, mai rufewa cikin wata 2 zuwa 3. Ƙasusuwan suna ɗan hawa kan juna wajen haihuwa don kan ya samu wucewa, shi ya sa jariri kan fito da doguwar ƙeya. Cikin 'yan kwanaki take komawa da kanta. Ba ta bukatar a danna ta da ƙarfi ko a gasa ta da ruwa mai ƙuna. In za a ɗauke shi, a tallafi ƙeya da wuya da tafin hannu. Kada a jijjiga jariri don ya yi shiru, kada kuma a riƙa cilla shi sama da sunan wasa. In kuma kan yana girma fiye da kima, a kai shi awo, domin toshewar hanyar ruwan ƙwaƙwalwa tana da magani in an zo da wuri.

Lokaci ya cim mana. Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba, musamman shugabannin 'yan acaɓa a tashoshinsu, da malaman makarantun allo da na boko, da limamai bayan sallah. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu gangara ƙasa kaɗan, mu yi magana a kan ƙasusuwan wuya guda bakwai da yadda ɗaukar kaya a ka yake shafar su. Allah ya tsare mu a hanya da gida, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

(Kiɗan rufe shiri)